Bukka a gindin dutse: me masanan Sin suke gudu a cikin zanensu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon zane. Duk sanda na duba tsofaffin zane-zanen ƙasar Sin a intanet sai in ga abu kusan iri ɗaya: manyan duwatsu, hazo, rafi, sai wata 'yar bukka a lungu da wani tsoho shi kaɗai, wani lokaci ma bukkar babu kowa. An ce mini masana ne da suka guji duniya. Shin gudun duniya ne irin zuhudun da muka sani? Kuma in da gaske sun bar mutane, wa ya zana su, wa ya ajiye zanen?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka kashi biyu ce, kuma ta biyun ta fi nauyi. Kana son sanin ko tsohon nan zahidi ne, sannan ka lura da abin da mutane da yawa ke wucewa ba su gani ba: wanda ya bar duniya da gaske ba shi da buƙatar a zana shi a kan siliki a rataye a zauren wani babban mutum. Na daɗe ina koyar da tarihin zane, kuma abin da nake fara gaya wa ɗalibai shi ne, yawancin waɗannan zane-zane magana suke yi a kan mulki da aikin sarki, ko da ba ka ga fada ko dogari a cikinsu ba. Mutumin da ke cikin bukkar akwai kujerar da ya kamata a same shi a kai, ya ƙi zama. Ƙin nan shi ake zanawa.

Karatun da aka yi don aikin sarki

Sai ka san abin da ake ƙi kafin ka gane darajar ƙin. A ƙasar Sin, tun daga zamanin daular Sui da Tang, musamman kuma daga daular Song wadda ta fara a 960, hanyar zama hakimi ko alƙali ko waziri ita ce jarrabawar gwamnati. Yaro zai shafe ƙuruciyarsa yana haddace littattafan Konfushiyas, babban malamin Sin na zamanin da, yana koyon waƙa da kyan rubutu, dangi duka sun zuba masa ido. Ba a soke wannan jarrabawa gaba ɗaya ba sai a 1905. Wanda ya ci, akan tura shi aiki nesa da mahaifarsa, domin doka ta hana mutum mulkar yankinsu. Saboda haka ma'aikacin sarki kusan kullum baƙo ne a inda yake, yana kewar gida, yana tsoron makircin fada, wanda kan kai mutum kora zuwa bakin iyaka ko ma ga hauni.

Karatun da ya tura shi aiki, shi ne kuma ya buɗe masa ƙofar fita. Konfushiyas ya koyar cewa idan gaskiya na tafiya a ƙasa ka fito a gan ka, idan ba ta tafiya ka ɓuya. Mengzi, wanda ya zo bayansa, ya ce wanda hanya ta toshe masa ya gyara kansa shi kaɗai, wanda ta buɗe masa ya gyara duniya. Ka ga ke nan ɓuyan masani hukunci ne a kan zamani. In mutumin kirki ya tattara littattafansa ya koma ƙauye, ya faɗa wa kowa, ba tare da ya buɗe baki ba, cewa sarkin nan bai cancanci a yi masa aiki ba. Masu rubuta tarihin dauloli sun ɗauki abin da muhimmanci har suka riƙa ware babi guda don waɗanda suka ƙi aiki.

Sima Qian, babban marubucin tarihi na daular Han, ya buɗe jerin tarihin mutane da wasu 'yan'uwa biyu, Boyi da Shuqi. Da gidan Zhou ya kifar da gidan Shang, sai suka ƙi cin hatsin sabuwar daular, suka hau dutsen Shouyang suna cin ganyen daji har yunwa ta kashe su. Hankalinsu shi ne na mai cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Li Tang, mai zanen da ya ga faɗuwar arewacin Song a hannun Jurchen, mahara daga arewa, a 1127, ya zana su zaune a ƙarƙashin itace da kwandon ganyensu, kuma mutanen zamaninsa ba su buƙaci a faɗa musu da wa ake ba.

Akwai kuma wata jijiya ta biyu, ta mabiya Dao, wato tafarkin bin ɗabi'ar halitta da barin kutse-kutsen duniya, wadda ba ta ma yarda cewa aikin sarki abin so ne ba. An ce Zhuangzi, ɗaya daga cikin manyan malamansu, yana kamun kifi sai manzannin sarkin Chu suka zo masa da tayin muƙami. Ya tambaye su: kunkurun nan mai tsarki da ya mutu aka naɗe ƙoƙonsa a kyalle aka ajiye a haikali, da an ba shi zaɓi, zai so wannan girmamawa ko ya rayu yana jan wutsiya cikin laka? Suka ce laka. Ya ce to ku tafi, ni ma lakar nake so. Daga irin wannan labari da na Yan Guang, abokin karatun sarki Guangwu wanda ya ƙi muƙami ya koma kamun kifi a kogin Fuchun, masunci ya shiga zane. Idan ka ga mutum shi kaɗai a kwale-kwale da fatsa a zanen Sinawa, da wuya a ce kifi ne damuwarsa.

Amma wanda ya fi kowa tasiri shi ne mawaƙi Tao Yuanming, wanda ya rayu daga 365 zuwa 427. A 405 yana riƙe da garin Pengze, bai fi kwana tamanin da 'yan kai a kan kujerar ba, aka ce masa ya yi ɗamara ya tarbi wani mai duba aiki daga sama. Ya ce ba zai rusuna don awo biyar na hatsi ba, ya ajiye hatimi ya koma gona. Abin da ya sa nake girmama Tao fiye da yawancin masu kwaikwayonsa shi ne ya biya kuɗin maganarsa. Ya yi noma da hannunsa, gidansa ya ƙone a 408, har akwai waƙar da ya yi a kan ranar da yunwa ta kai shi ƙofar wani yana neman abinci. Shi ne kuma ya rubuta labarin masuncin da ya bi rafi mai furanni, ya ratsa wani kogo, ya tarar da ƙauyen mutanen da suka gudu tun zamanin Qin, ba su san sarakunan da suka yi bayan nan ba. Duk sanda ka ga bakin kogo da rafi na fita daga ciki a zane, ko tsoho da sanda kusa da shinge mai furannin kaka, da Tao ake.

Zanen wanda bai iya tafiya ba

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Wa ya zana, wa ya ajiye? Amsar tana nan tun a farkon rubuce-rubucen da aka yi kan zanen duwatsu. Zong Bing, wanda ya rasu a 443, ya yi yawon duwatsu da ƙuruciya, da tsufa da ciwo suka kama shi sai ya zana wuraren da ya sani a bangon ɗakinsa don ya riƙa yawo cikinsu yana kwance. Tun daga tushe, zanen dutse na wanda ba ya kan dutse ne.

Guo Xi ya faɗi abin a fili. Shi mai zanen fada ne a ƙarni na 11, kuma zanensa na farkon bazara na 1072 yana Taipei har yau. A bayanan da ɗansa ya tattara, ya ce mutumin kirki yana son daji da maɓuɓɓuga, amma a zamanin zaman lafiya haƙƙin sarki da na iyaye sun ɗaure shi, bai kamata ya tsere ba. Aikin mai zane shi ne ya kawo masa dutse cikin ɗaki. Ya ƙara da cewa zane mafi kyau shi ne wanda mai kallo zai ji yana iya yawo cikinsa, yana iya zama cikinsa. Shi ya sa kake ganin siririyar hanya, da gada, da bukka mai buɗaɗɗiyar ƙofa. An sa su ne don idon ma'aikacin da ya dawo daga fada a gajiye ya samu inda zai bi.

Tsakanin tafiya da zama kuwa, Sinawa sun ƙirƙiro matakai. Wang Wei, mawaƙi kuma mai zane na daular Tang, yana da muƙami a babban birni yana kuma da gidan gona a Wangchuan, inda yake zuwa ya huta ya yi waƙa da abokinsa Pei Di. Bai Juyi ya samu wani aiki mai albashi marar wahala a Luoyang a 829, ya kira zamansa keɓewar tsakiya: ba hayaniyar fada, ba yunwar daji. Wasu kuma suka mai da abin tsani. Lu Cangyong ya tare a dutsen Zhongnan kusa da babban birni har sunansa ya kai fada aka kira shi aka ba shi muƙami. Da ya nuna wa wani malamin Dao dutsen yana yaba kyansa, sai malamin ya ce shi dai abin da ya gani yanke ne zuwa aikin gwamnati. Har gobe Sinawa na amfani da wannan magana. Ina kawo wannan ne don ka san cewa zargin da ke ranka su ma sun yi shi tun fiye da shekara dubu da suka wuce.

Lokacin da abin ya zama na gaske

Idan ana son ganin inda wannan al'ada ta yi jini a jika, daular Yuan ta Mongol za a duba. Mongol sun karɓe Hangzhou a 1276, ragowar Song ta ƙare a 1279. Sababbin masu mulki suka kasa jama'a mataki huɗu, mutanen kudu, inda ilimi ya fi yawa, suka zo a ƙarshe. Jarrabawa ta tsaya, ba a sake yin ta ba sai 1315. Dubban mutanen da aka raina don aikin sarki suka wayi gari babu sarkin da za su yi wa aiki da zuciya ɗaya, ga wanda ya so ma ƙofar a ƙuntace take. Wasu suka koma koyarwa, wasu magani, wasu duba. Zane ya zama harshen da suke magana da juna da shi.

Zheng Sixiao yakan zana wani fure mai siraran ganye ba tare da ƙasa a ƙarƙashinsa ba. Ana ba da labarin cewa in an tambaye shi sai ya ce ai an ƙwace ƙasar. Ɗaya daga cikin zanen, na 1306, yana Osaka a Japan. Gong Kai ya zana doki na asali da haƙarƙarinsa duk a waje, wanda a da yake bargar sarki. Qian Xuan ya ƙi aiki ya rayu da buroshinsa.

Sai kuma Zhao Mengfu, wanda labarinsa ya fi taɓa ni. Jinin gidan sarautar Song ne, ɗan gari ɗaya da Qian Xuan, amma da Kublai, sarkin Mongol, ya aiko neman masanan kudu a 1286 sai ya amsa, ya tafi arewa ya kai manyan muƙamai. Mutane sun zarge shi, shi ma bai bar kansa ba: akwai waƙarsa da yake cewa da shi tsuntsun ruwa ne, yanzu ya zama tsuntsun keji. Duk da haka shi ne ya fi kowa sauya zanen masana, shi ya dage cewa a yi zane da irin bugun buroshin da ake rubutu da shi. Wajen 1295 ya zana duwatsun Que da Hua na Shandong ya ba abokinsa Zhou Mi, wanda ya ƙi yi wa Mongol aiki, wanda kuma asalin kakanninsa can ne amma bai taɓa ganin wurin ba. Wanda ya karɓi aiki ya kawo wa wanda ya ƙi hoton garin kakanninsa, kuma zumuncinsu bai yanke ba. Duk wanda zai raba mutanen nan gida biyu, jarumai da maciya amana, wannan zane zai ba shi wahala.

Bayansu aka samu manyan masu zane huɗu na ƙarshen Yuan: Huang Gongwang, Wu Zhen, Ni Zan da Wang Meng. Huang Gongwang ƙaramin ma'aikaci ne da aka ɗaure saboda laifin maigidansa, da ya fito ya shiga ɗariƙar Dao ta Quanzhen. Yana da shekara kusan tamanin ya fara dogon zanensa na duwatsun Fuchun a 1347, ya sa masa hannu a 1350, yana ƙara masa kaɗan-kaɗan duk sanda ransa ya so, don wani abokinsa. A 1650 wani mai tara zane da ke gargarar mutuwa ya sa a ƙona shi don ya tafi da shi, ɗan ɗan'uwansa ya fizge shi daga wuta, ya rabu biyu. Guntun yana Hangzhou, dogon mai fiye da mita shida yana Taipei, ba a sake haɗa su wuri guda ba sai a wani baje koli a 2011. Wu Zhen kuwa masunta ya yi ta zanawa.

Bukkar da ka ce ka gani babu kowa, kusan tabbas ta Ni Zan ce ko ta masu bin sawunsa. Attajiri ne ɗan Wuxi, mai ɗakin littattafai da tsananin son tsafta. Da haraji ya yi nauyi, tawaye kuma ya ɓarke daga 1351, sai ya rabu da dukiyarsa ya shafe kusan shekara ashirin yana yawo a jirgin ruwa a yankin tafkin Tai, yana sauka gidajen abokai da wuraren ibada. Zanensa kusan tsari ɗaya ne: 'yan itatuwa a gaba, rumfa babu kowa, faffaɗan ruwa wanda farar takarda ce kawai, sai tuddai can nesa. Tawadar a bushe, kamar yana rowarta. Ya rubuta cewa shi ba kama yake nema ba, yana zana gora ne don ya fitar da abin da ke ƙirjinsa, in wani ya ɗauke ta rama ce ko kara, ba ruwansa. Na sha sa ɗalibai su kwaikwayi itace ɗaya na Ni Zan, kuma abin da ke kayar da su kullum shi ne haƙuri: hannu na son ya ƙara, zanen kuma ba ya ɗaukar ƙari.

Ka ajiye wannan kusa da zanen Wang Meng, jikan Zhao Mengfu, na duwatsun Qingbian na 1366 da ke Shanghai. Sunan zanen zaman keɓewa ne, amma babu natsuwa a cikinsa ko kaɗan. Duwatsun na murɗewa suna hawa kan juna, babu sarari, gidan yana maƙale a wani lungu da sai ka nema. A shekarar nan rundunonin madugan tawaye biyu, Zhu Yuanzhang da Zhang Shicheng, suna gwabzawa a wannan yanki, wanda shi ne ƙasar dangin mahaifiyarsa. Mutum biyu, zamani ɗaya, tsoro ɗaya: ɗaya ya kwashe komai daga takarda, ɗaya ya cika ta har ba wurin numfashi.

Zhu Yuanzhang ya ci yaƙi ya kafa daular Ming a 1368, kuma ya fahimci ma'anar bukkar nan sarai. Ya mai da ƙin yi wa sarki aiki laifin da ke iya kai mutum ga kisa da ƙwace dukiya. Mawaƙi Gao Qi, wanda ya ƙi wani babban muƙami ya koma gida, an kashe shi a 1374. Wang Meng ya karɓi aiki, duk da haka ya mutu a kurkuku a 1385 saboda an danganta shi da wazirin da aka kashe, Hu Weiyong. Gaba kura, baya sayaki.

Lambu a tsakiyar birni

Da ƙasa ta lafa, arziki ya bunƙasa a Suzhou, sai keɓewa ta sake kama. Shen Zhou, wanda ya rayu daga 1427 zuwa 1509, bai taɓa karɓar muƙami ba, hujjarsa ita ce kula da mahaifiyarsa, amma gidansu masu filaye ne, kuma zaurensa ba ya rabuwa da baƙi. Ɗalibinsa Wen Zhengming ya faɗi jarrabawa sau da yawa, ya yi 'yan shekaru a Beijing daga 1523, bai ji daɗi ba ya dawo. A 1533 ya zana wurare 31 na lambun wani tsohon ma'aikaci, Wang Xianchen, lambun da har yau masu yawon buɗe ido ke cika shi a Suzhou. A nan dutse ya shigo cikin gari, an kewaye shi da katanga. Zane kuma ya zama abin biyan bashin zumunci: kyautar bikin cika shekara, ta rakiyar wanda aka tura aiki, ta godiya ga likita.

A ƙarshen Ming abin ya kai inda ake cin abinci da shi. Chen Jiru ya ƙona rigarsa ta ɗalibta tun bai kai talatin ba, ya zama sanannen mai keɓewa wanda manya ke ziyarta, masu buga littattafai na neman sunansa. Abokinsa Dong Qichang, wanda ya tsara ra'ayin cewa zanen masana ya fi na masu zane don kuɗi, ya ɗaga Ni Zan da Huang Gongwang sama, shi kansa babban ma'aikaci ne mai tarin filaye, kuma a 1616 jama'ar Songjiang da suka fusata da gidansa suka cinna masa wuta. Zanensa na da girma a tarihi, ban musa ba. Amma in ana maganar bukka, ba na sa shi layi ɗaya da Tao Yuanming.

Sai 1644 ta zo, Beijing ta faɗi, Manchu daga arewa maso gabas suka karɓe mulki da daularsu ta Qing, tsohuwar tambaya ta dawo da kaifinta. A 1645 aka ba da umarni kowane namiji ya aske gaban kansa ya yi kitso irin na Manchu, ko ya rasa kan. Wata mafita ita ce mutum ya aske duka ya zama malamin Buddha, kuma da yawa sun bi ta nan. Xiang Shengmo ya zana kansa da baƙar tawada a cikin daji ja wur, domin sunan gidan sarautar Ming, Zhu, yana nufin ja. Zhu Da, wanda aka fi sani da Bada Shanren, jinin sarautar ne daga Nanchang. Ya shiga gidan ibada, daga baya ya yi abin da mutane suka ɗauka hauka, ya rubuta a ƙofarsa cewa shi bebe ne, ya riƙa zana tsuntsaye da kifaye masu harara sama. A 1650 Chen Hongshou ya zana al'amuran rayuwar Tao Yuanming ya ba abokinsa Zhou Lianggong wanda ya karɓi aiki a hannun Qing, kuma masana da yawa na karanta kyautar a matsayin nasiha: ajiye ka dawo gida. Da sarki Kangxi ya shirya jarrabawa ta musamman a 1679 don jawo masu ƙi, sai da aka ɗauko masani Fu Shan a kan gado zuwa Beijing, ya ce ba shi da lafiya, bai rubuta ba. Mai zane Shitao kuwa, shi ma jinin Ming, ya gaida Kangxi sau biyu, ya je Beijing neman shiga, ya ƙare yana sayar da zane a Yangzhou.

To, zuhudu ne?

Akwai kama, amma tushen ya bambanta. Zahidi yana sakin duniya ne don Allah da lahira, mai halwa yana keɓewa ne don ambaton Ubangiji. Masanin Sin da ya koma bukka, in ka cire waɗanda suka shiga addinin Buddha ko Dao da gaske, yana tare da iyalinsa, yana shan giya da abokai, yana kaɗa abin kiɗansa mai tsirkiya bakwai, kuma ɗan yaron da kake gani a bayansa ɗauke da kaya bara ne. Abin da yake karewa mutuncinsa ne da sunan da tarihi zai rubuta masa. Inda ya fi kusa da abin da muka sani shi ne tsohuwar damuwar malamai game da ƙofar sarki. Ka tuna Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda wajen 1807 ya ga son mulki da dukiya sun fara shiga jama'ar jihadi, ya bar runduna ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya rubuta musu littafi kan yadda ake mulki, sannan ya koma. Masanin Sin zai gane wannan tafiya da wannan komowa nan take, ko da yake abin da ya tayar da Abdullahi tsoron Allah ne.

Idan za ka kalli irin wannan zane, ga yadda nake yi da ɗalibai. Mu fara neman shekarar da aka yi shi da abin da ke faruwa a ƙasar a lokacin, domin bukkar 1072 da ta 1366 da ta 1533 ba abu ɗaya suke faɗa ba. Sai mu nemi fassarar rubutun da ke jikinsa, wanda gidajen adana kayan tarihi da yawa ke sakawa a shafukansu; a nan ake samun sunan wanda aka yi wa zanen da dalili, kuma sau da yawa rabin maganar tana can. Jajayen hatiman kuma na mai zanen ne da na waɗanda suka mallake shi bayansa. In dogon zane ne na naɗi, kada ka kalle shi gaba ɗaya yadda allon waya ke nuna shi. Ana buɗe shi ne daga dama zuwa hagu, kamu ɗaya bayan ɗaya, mutum biyu ko uku a kan tebur. Ka ƙara girman hoton ka bi hanyar da ƙafar ido, ka ga ko tana kaiwa bukkar ko mai zanen ya toshe ta.

Wannan hanya tana da iyaka, kuma ya kamata ka riƙe ta da sauƙi. Labaran da ake bayarwa kan mutanen nan, irin amsar Zheng Sixiao ko tsaftar Ni Zan, da yawansu an rubuta su ne bayan mutuwarsu, a hannun masu ƙaunarsu. Babu zanen Wang Wei na ainihi da ya rage, kwafi ne kawai. Ko sarki Qianlong, da duk taskarsa, ya ɗauki kwafin zanen Fuchun a matsayin na gaske ya cika shi da rubutun hannunsa, ya ce na ainihin ne jabu. Sannan zane ba ya buɗe zuciyar mai shi: wanda ya ƙi aiki don gaskiya da wanda ya faɗi jarrabawa ya rufe kunyarsa da bukka, buroshi ɗaya suke riƙewa. Kuma al'ada ce ta maza masu ilimi da abin hannu. Manomin da ke biyan harajin da ya ciyar da su ba shi da muƙamin da zai ajiye, mata kuma, ko masu zane irin Guan Daosheng matar Zhao Mengfu, ba a buɗe musu ƙofar jarrabawa ba balle su ƙi shiga. Tunda kai mai koyon zane ne, ka fara da zanen Ni Zan na ɗakin Rongxi na 1372 da na Wang Meng na 1366. Ka samo hotunansu masu kyau, ka kwaikwayi kusurwa ɗaya daga kowanne da tawada baƙa zalla, ka rage ruwa a buroshi in ka zo kan na Ni Zan.